Ƙaura da ajiya a ƙasar Danko: lokacin rubuta amana ya yi

A unguwannin bayan gari na Legas, irin su Lekki da Aja da ke bakin teku, akwai kamfanonin da duk sana'arsu ita ce kwashe wa mutum kaya daga wani gida zuwa wani. Sukan zo su ƙirga kujeru da gadaje, su naɗe madubi da talabijin, su rubuta komai a takarda, mai gida ya sa hannu, sannan su loda. In sabon gidan bai kammalu ba, akwai ɗakunan ajiya da ake biya wata-wata. Mutumin Danko da ya ji wannan bayani zai iya cewa harkar masu kuɗi ce, ba ta shafe shi ba. Amma aikin da waɗannan kamfanoni ke karɓar kuɗi a kansa ana yin sa kullum a Danko da Maga da Ribah da Wasagu da Bena, sai dai ya rarrabu a hannun mutane da yawa: direban Kanta, mai a-kori-kura, 'yan dako, mai amalanke, da ɗan'uwan da ya buɗe ɗaki ya ce zuba kayanka nan har Allah ya kawo sauƙi. Ra'ayina shi ne wannan tsari namu yana da ƙarfi kuma ya cancanci a riƙe shi, amma yanayin da ya sa yake tafiya da fatar baki kawai ya sauya. Muddin ba a shigo da rubutu da shaida da sanin wanda alhaki ke wuyansa ba, talaka zai ci gaba da tafka asara, zumunci kuma ya ci gaba da tsinkewa a kan buhun dawa da kwanukan mata.

Danko na ɗaya daga cikin sarautu biyar da suka haɗu suka yi masarautar Zuru, sauran su ne Dabai da Fakai da Sakaba da Wasagu. Ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta jihar Kebbi, mai hedikwata a Ribah, ƙasa ce mai faɗi da ta haura murabba'in kilomita 4,000, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 265,000, kuma tana iyaka da jihohin Zamfara da Neja. A da, ɗaukar kayan gida a wannan ƙasa yana da sanannun dalilai. Akwai amaryar da za a yi wa jere. Akwai malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki. Akwai kuma tsohon soja, domin ƙasar Zuru ta yi suna a aikin soja. Ita ta haifi marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, kuma bayan waɗannan manya akwai ɗimbin ƙananan sojoji da 'yan sanda da ke dawowa gida bayan ritaya da kayan da suka tara a barikokin Kaduna ko Legas ko Fatakwal. Duk waɗannan tafiye-tafiye sun yi tarayya a abu guda. An san ranar tashi, an san inda za a sauka, kuma galibi akan bari sai rani, lokacin da hanya ta bushe, hannu kuma yana da ɗan abin kaka.

Duk wanda ya tsaya ya kalli yadda ake loda Kanta a ƙofar gida ya san akwai gwaninta a ciki. Mai kaya ya je tasha ya yi shatar mota, an yi ciniki a gaban ɗan kamasho. Buhunan hatsi ne ke fara shiga, a jera su can ƙuryar bodi kusa da kan mota don nauyi ya zauna daidai. Sai a kwance gado a jingina allunansa a gefe, a tsayar da kabet, a cusa tsummoki tsakaninta da ƙarfen bodi, a juya madubinta ya kalli katifa. Kwanuka da tasoshi da kuloli a zura ƙarami cikin babba, a ɗaure da tsohon zane. Turmi da taɓarya da tukwane su cike gurabe, tabarmi su hau sama, a ja tamfol, yaron mota ya bi da igiya yana ja yana dannewa da ƙafa. Cikin duk wannan hidima ba a rubuta ko harafi ɗaya. Abin da ke tsare kayan shi ne sanayya. An san direban, an san mahaifinsa, an san gidan da yake aure, shi ma ya san in kwano ɗaya ya yi ƙafa maganar za ta riga shi isa kasuwa. Haka abin yake ga ajiya: wanda ka bar wa kaya kawunka ne ko surukinka ko abokin cinikinka na shekara da shekaru, kuma gobe ma kuna tare a wurin suna da jana'iza. Wannan tsari ba abin rainawa ba ne. Ya riƙe al'umma zamani mai tsawo ba lauya ba inshora, kuma babu kamfanin da zai iya kawo wanda ya fi shi araha.

Sai dai sanayya na aiki ne a inda mutane ke zaune wuri ɗaya, kuma wannan zaman ne 'yan bindiga suka tarwatsa. A farkon watan Yuni na 2021 rundunar 'yan sandan Kebbi ta tabbatar da kisan mutum 88 a ƙauyukan wannan ƙaramar hukuma, ciki har da Koro da Kimpi da Gaya da Dimi da Zutu da Rafin Gora. A watan Maris na 2022 aka far wa jami'an tsaron da ke tare da mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, a Kanya. A ranar 17 ga Nuwamba, 2025, aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, maƙwabciyar Danko, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25, waɗanda Allah ya kuɓutar bayan kimanin mako guda. Tsakanin waɗannan manyan labarai akwai ƙananan hare-hare da ba sa kaiwa ga rediyo, kuma kowannensu na tayar da gidaje. Ƙaurar da ake yi cikin wannan hali ta saɓa wa waccan ta kowace fuska. Ba ta jiran rani. Motar da aka samu ita ake shiga, ko da ba a taɓa ganin direbanta ba. Ɗaki ɗaya da aka kama haya a Zuru ko Ribah ba zai ɗauki kayan gida mai mata biyu da 'ya'ya goma ba, sai a rarraba: buhuna a shagon wani, gado a zauren wani, keken ɗinki wurin wata ƙawa. Ajiyar da aka ce ta sati biyu ce sai ta kai shekara biyu. Wani lokaci shi kansa mai ajiyar tashi yake yi, ya miƙa kayan ga na uku wanda mai su bai taɓa sani ba.

Inda asarar ta fi zafi shi ne hatsi. Dukiyar manomin ƙasar Zuru, Badakkare ne ko Bahaushe ko Bakambare, tana cikin rumbunsa. Kakanni sun san abin da suke yi da suka ɗora rumbu a kan duwatsu don danshi da gara kada su kai gare shi, suka rufe shi da jinka, suka zuba dawa da zangarniyarta, yadda za ta shekara har ta haura ba ta lalace ba. Amma rumbu ba ya hawa mota. Wanda zai tashi dole ya sauke damma, a yi sussuka, a sheƙe, ya sayi buhuna, ya biya 'yan dako, ya biya mota. Hatsin da ya fita daga zangarniya ya shiga buhu kuma ya rasa rigar da ke kare shi. In aka jibge shi a ƙasan ɗaki jikin bango mai danshi, kafin 'yan watanni ƙwari sun huda shi, ɓeraye sun farke buhun, wake kuwa ya zama gari. Da yawa kan ga gara su sayar nan take, to amma ba su kaɗai suke gudu ba. Duk ƙauyen ne ke zube hatsinsa a kasuwa rana ɗaya, farashi ya faɗi, 'yan sari su kwashe. In damina ta yi tsakiya, wajen Yuli da Agusta, mutumin da ya sayar da buhu-buhu sai ya koma yana awon kwano-kwano da tsada. Ɓarawo bai taɓa wannan hatsi ba, wuta ba ta ci shi ba, rashin wurin ajiya amintacce kaɗai ya raba manomi da guminsa na shekara.

Kuɗin mota ma ya ƙara dagula lissafin. Man dizal da manyan motoci ke sha ya yi tashin gwauron zabo tun 2022. Fetur kuma, wanda ake sayarwa ƙasa da naira 200 a lita kafin jawabin Shugaba Bola Tinubu na 29 ga Mayu, 2023, ya haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Direban da aka kira ya shiga ƙauye ya san zai je da mota wayam, ya san halin hanya da damina, ya kuma san zai iya gamuwa da masu bindiga, don haka duk yana cikin farashinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Mafitar da mutane suka samu ita ce gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yi shatar mota ɗaya. Dabara ce mai kyau, amma ita ce ƙofar rigima, domin buhun masara ba ya da suna a goshi, jakunkunan nan masu zane-zane duk kamarsu ɗaya, kuma in aka sauke da duhu aka rasa biyu, ba wanda zai iya rantsuwa kan adadin da aka loda.

Akwai kuma waɗanda ba a cika jin muryarsu a wannan magana ba, wato mata. A al'adarmu kayan ɗaki mallakin mace ne. Iyayenta sun yi shekaru suna tarawa, ita ma ta ƙara da kuɗin adashe da na sana'a, kuma su ne asusunta: in ciwo ya zo ko bikin 'ya, sai ta fitar da saitin kwano ko keken ɗinki ta sayar. Amma ranar ƙaura miji ne ke ciniki da direba, shi ke zaɓar inda za a ajiye, sau da yawa a gidan danginsa. In aure ya mutu ko mijin ya rasu kafin a dawo da kayan, sai ka ga gadonta da kabet ɗinta sun shiga cikin abin da ake lissafawa a gado, ita kuma ba ta da abin nunawa a gaban alƙali sai hawaye da shaidar mahaifiyarta. Takarda guda mai ɗauke da sunanta da jerin kayanta da sa hannun shaidu biyu za ta kashe wannan shari'a tun ba a fara ta ba.

Masu ganin rubuta ajiya baƙon abu ne da aka kwaso daga Turai sun manta da abin da ke hannunmu. Lokacin Hijira a shekarar 622, Manzon Allah (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka musamman don ya mayar wa mutane ajiyoyinsu, alhali rayuwarsa na cikin haɗari. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan malamanmu ta fayyace hukuncin ajiya: wanda aka ba shi ba ya biya in ta salwanta ba da sakacinsa ba, in ya ƙetare iyaka a kanta ya biya, in kuma ya karɓa a gaban shaidu to ba a gaskata shi cewa ya mayar sai da shaidu. Malaman mazhabar Malikiyya har sun keɓe wanda aka yi hayarsa ya ɗauki kayan abinci, suka ɗora masa lamuni, saboda abinci abu ne da hannu ke saurin kai masa. Ƙasar Zuru ƙasa ce ta Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, kuma a sura ta 22 ta Littafin Fitowa ma akwai hukuncin kayan da mutum ya ba maƙwabcinsa ajiya aka sace. A fagen kasuwanci kuwa, fataken goro da ke ratsa kogin Kwara zuwa Gwanja sun dogara ne da masu masauki a zango-zango, waɗanda ke saukar da baƙo, su adana masa kaya da kuɗi, su tsaya masa a ciniki. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan cewa a kan irin waɗannan masu gida cinikin shanu da goro ya tsayu. Ajiya a matsayin sana'a mai ƙa'ida tsohon abu ne a wurinmu.

Wurin da ya fi dacewa a fara gyara shi ne tasha, domin can akwai shugabanci da ake jin maganarsa. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, tana da rassa a tashoshi, tana karɓar kuɗin lodi, tana hukunta direban da ya saɓa layi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta riga ta wajabta rubuta sunayen fasinjoji kafin mota ta tashi. Tashar da ke iya rubuta sunan fasinja za ta iya rubuta buhu 14, gado 2, kabet 1, injin niƙa 1, da lambar mota, da sunan direba, da inda za a sauke, a yi kwafi uku, ɗaya ga mai kaya, ɗaya ga direba, ɗaya ya zauna a ofis. A sa wa kowane buhu alamar gidansu da fenti. A kuma amince tun kafin tashi cewa abin da ya fashe saboda mugun ɗauri ko gudun ganganci direba ne zai biya, abin da 'yan fashi suka ƙwace a hanya ba ya wuyansa. Direban kirki ne zai fi kowa amfana, domin a yau ana iya ɗora masa ɓatan abin da ba a taɓa loda masa ba. Su kansu manyan kamfanonin Turai haka suka faro. Pickfords na Ingila, wanda asalinsa ke komawa ƙarni na 17, masu jigila ne da dawakai. Jerin kaya a rubuce da ɗaukar alhaki ne suka sa baƙo ya iya miƙa musu dukiyarsa.

Ajiyar hatsi kuma akwai misalinta kusa da mu. A Jamhuriyar Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, da taimakon hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin manoma ke zuba amfanin gona a sito guda da kaka, a rubuta buhunan kowa, a garƙame ƙofa da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun ƙaramin bankin da ke ba su rance a kan hatsin. Ba mai iya buɗewa shi kaɗai. In farashi ya tashi a buɗe, a sayar, a biya bashi, manomi ya riƙe ribar. Ko ba a shigo da maganar rance ba, kwaɗo biyu da littafi ɗaya sun isa su ba mai gudun hijira kwanciyar hankali. Ga kuma buhun nan mai ciki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a Afirka ta Yamma daga 2007, wanda ke toshe iska har ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Sito mai daɓen siminti, da katakon ɗora buhu, da rufi mara yoyo, da mai gadi, a garuruwan da ke da jami'an tsaro, ba aikin biliyoyi ba ne. Masu riƙe makulli su fito daga fadar hakimi da masallaci da coci da ƙungiyar mata, domin a ƙasa mai addinai da ƙabilu irin wannan, sito da ɓangare ɗaya ke riƙe da shi rabin jama'a ba za su kai kayansu ba.

Za a ce neman ɗan'uwa ya sa hannu a takarda tuhuma ce, kuma wanda ya taimake ka kyauta bai cancanci haka ba. Na fahimci nauyin wannan magana, domin kunya ginshiƙi ce a zamanmu. Amma a duba su waye ke faɗa a ƙarshe. Galibi waɗanda suka ƙulla amanar ba su ne ke rikici ba; 'ya'yansu ne da matansu bayan ɗaya ya rasu, kowa na faɗin abin da ya ji. Takardar na kare mai ajiya daga zargi kamar yadda take kare mai kaya daga asara, kuma in ta zama ƙa'idar gari da mai unguwa ke nema daga kowa, ba wanda zai ɗauke ta cin fuska. Za a kuma ce da yawa ba su iya boko ba. To akwai ajami, akwai malamin tsangaya da na coci a kowace unguwa, akwai wayar da za ta ɗauki hoton kaya da muryar shaidu. Masu cewa mai gudun ceton rai ba ya da lokacin lissafin kwanuka sun yi gaskiya game da daren hari. Sai dai mafi yawan kaya ba a daren ake kwashe su ba. Ana dawowa ne da rana bayan ƙura ta lafa, ko a fitar da su tun ana jin ƙishin-ƙishin. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa jerin kayan gida ya kamata ya kasance a rubuce tun ana zaune lafiya.

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda ke cewa duk wannan kauce wa ainihin matsala ne: a kawo tsaro, kowa ya zauna gidansa, sito kuma zai zama abin hari, har ma ya ƙarfafa wa mutane guiwar barin ƙauyukansu. Babu mai hankalin da zai fifita sito a kan tsaro, kuma haƙƙin gwamnati na kare rayuka bai ragu da ƙwayar zarra ba. Amma jama'a sun shekara biyar da ɗoriya suna jiran wannan tsaro, kuma cikin jiran nan ake ci ana sha ana aurar da 'ya'ya. Hatsin da ke warwatse a rumbunan ƙauyen da ba kowa ya fi sauƙin ƙonawa da kwashewa a kan wanda ke tsakiyar gari kusa da sojoji. Batun barin ƙauye kuwa, wanda ya sayar da komai da arha shi ne ba ya komawa, domin ba shi da iri, ba shi da garma, ba shi da abin ci har sabon amfani ya nuna. Wanda irinsa da kayan aikinsa ke ajiye yana iya komawa gona da ruwan farko. Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan 'yan gudun hijira na cikin gida, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, ta ɗora wa gwamnatoci kare dukiyar da waɗanda aka raba da gidajensu suka bari. Hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya kan kai shinkafa da katifu da bokitai bayan hari, wato suna saya wa mutane irin abin da suka rasa. Wani kaso na wannan kuɗi, in aka kashe shi tun farko kan sito da man motar kwashe kaya, zai ceci abin da ya ninka tallafin. Dawa a ƙasar Zuru na shiga rumbu ne tsakanin Nuwamba da Disamba, don haka ƙaramar hukuma da masarauta da shugabannin tasha na da har zuwa Oktoba su tanadi ɗakin, su buɗe littafin, su naɗa masu riƙe makullai.